Canon 600D ta hannu da na saya a Katsina, bayan sanyi biyu a bakin kogin Kazan

Salamu alaikum jama'a. Tun da na dawo gida hutu na fara sa hotunan nan na ƙanƙarar kogi a sitatus mutane ke ta tambayata wai da wace waya na ɗauka, wani abokina ma cewa ya yi daga intanet na kwaso su, to ba waya ba ce kuma ba kwasowa na yi ba, wata tsohuwar kyamara ce Canon EOS 600D da na saya nan cikin Katsina kafin in tafi, ta hannu ce ma ba sabuwa ba, kuma sanyi biyu cur na yi ina yawo da ita a bakin kogi a Kazan can ƙasar Rasha inda nake karatu. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani game da ita gaba ɗaya, mai daɗi da mara daɗi, ko wani mai shirin tafiya ƙasar sanyi zai ƙaru.

A wani shago na same ta wajen Ƙofar Ƙaura, irin shagunan nan da ke ɗaukar hoton biki da suna kuma suna ɗan sayar da kayan hoto na hannu a gefe. Ni da niyyar wata ƙarama mai shiga aljihu na je. Mai shagon dattijo ne, zai yi sa'ar babanmu, ya tambaye ni ina za ni da ita, da na ce mashi Rasha sai ya mayar da ƙaramar cikin gilas ya ɗauko wannan ya ce, "Ɗana riƙe wannan ka ji, ƙasar da za ka wuni da safar hannu ba a zuwa mata da kyamara mai maɓallai kamar ƙwayar gero." A lokacin na ɗauka ciniki kawai yake son yi, sai da na je can na ga gaskiyarshi. Ya haɗa mani da lens ɗinta na 18-55, da batir ɗinta na asali guda ɗaya, caja da memori, kuma bai karɓi kuɗina ba sai da ya sa na fita bakin titi na ɗauki hotuna muka duba su a kwamfutarshi. Farashi ba zan faɗa ba don kuɗin wancan lokacin in na faɗe shi yanzu ɓatar da mutum kawai zan yi, kowa ya san yadda dala ta mayar da kasuwa, amma dai ba ta kai kuɗin sabuwar waya mai kyau ba ko kusa.

Ita dai 600D a 2011 ta fito, a Amurka Rebel T3i suke ce mata don haka in ka ga wannan sunan a jikin wata ita ce dai, megafiksel 18 gare ta, nauyinta da batir ya ɗan haura rabin kilo, tana ɗaukar bidiyo, ba ta da wayfai, kuma a littafinta an rubuta ƙarara cewa daga digiri 0 zuwa 40 aka yi ta ta yi aiki. Ka riƙe wannan na ƙarshen a ranka, don ni na fita da ita ranar da aka tashi da mainos 24.

Ga wanda bai san Kazan ba, babban birnin Tatarstan ne, kusan kilomita 800 gabas da Mosko, gari ne mai musulmi da yawa. Masallacin Kul Sharif da aka buɗe a 2005 yana nan cikin tsohuwar ganuwar gari bisa tudu, in ka gangaro ƙasa ga kogin Kazanka nan a shimfiɗe, shi kuma gaba kaɗan yake faɗawa cikin Volga, kogin da ya fi kowane tsawo a Turai, ya haura kilomita 3,500. Watan Disamba na farko da na yi a garin gaskiya na sha wuya, ba sanyin ba ma, duhun. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas, ƙarfe uku da 'yan mintuna ta faɗi, kana idar da Azahar La'asar ta matso, kafin ka ankara an kira Magariba, ka shiga aji da duhu ka fito da duhu. Na shiga wani ƙunci da ban taɓa sani ba, barci kawai nake ko waya gida ba na son yi. Wani yayanmu ɗan Daura da ya riga ni zuwa da shekara uku shi ya lura, ya ce mani, "Ƙanena, duk ranar da ka samu sarari ka fita ka taka ƙasa da rana tsaka ko na rabin awa ne, in ba haka ba ɗakin nan zai cinye ka." To fita ba dalili a wannan sanyin ba ta yiwuwa gare ni, kyamarar nan ita ta zame mani dalili, kuma shi ya sa ba zan iya maganarta kamar wani kaya kawai ba.

Abin da ban sani ba kafin in je shi ne kogi ba ya daskarewa dare ɗaya kamar ruwan leda a firiza. Daki-daki yake yi, kuma kowane mataki Rashawa suna da sunan da suke kiranshi. Da fari a gaɓa take farawa inda ruwa ba zurfi kuma ba ya gudu, wata siririyar ƙanƙara kamar gilashin taga tana bin bakin kogi, tsakiya kuma ruwa na tafiyarshi baƙi wuluk, wannan zaberegi suke ce mata. Sai ka ga saman ruwan ya yi wani maiƙo maiƙo, ita kuma salo, wato kitse da yarensu, kuma wallahi sun iya sa suna don sak kitsen da ke kwanciya bisa romo in ya huce. Akwai shuga, ba sukari ba fa, wata dagargajajjiyar ƙanƙara ce da ke haɗuwa cikin ruwa mai motsi, irin ta zoɓon da ya fara saki ka murje shi cikin leda, in kana tsaye shiru har ƙararta kana ji tana gogar gaɓa, shuuu. Wadda na fi so kuwa ita ce mai zagaye, gutsattsarin na ta karo da juna suna juyawa har gefensu ya goge ya tattaru ya yi baki, sai ka ga kamar an watsa faya-fayai ɗari bisa ruwa kowane da ɗinkin bakinshi, sau biyu kacal na dace da ita cikin shekara biyu kuma duka biyun da safe ne bayan an kwana ana iska. Daga nan sai wata rana ka zo ka tarar komai ya tsaya cik, kogi ya rufe. Kuma dalilin da ya sa daga sama yake rufewa ba daga ƙasa ba, ruwa ya fi nauyi a digiri 4, sai ya nutse ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya tsaya sama ya daskare, ita ƙanƙarar kuma ta fi ruwa rashin nauyi da kusan kashi 9 cikin 100 don haka ba ta nitsewa, sai ta zama murfi kifi na ƙasa yana rayuwarshi. Malaminmu na fiziks a sakandare ya faɗa mana wannan a nan Katsina muka haddace don jarrabawa, ranar da na tsaya na gan shi da idona sai da na yi tasbihi.

Ga mai ɗaukar hoto, kwanakin da ke tsakanin fara daskarewa da saukar dusar ƙanƙara mai yawa su ne zinariya, wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba, wani lokacin mako ɗaya ne kawai. Da dusa ta rufe shi kenan kogi ya koma fili fari fat, sai kuma Afrilu in ya fara fashewa.

To yanzu ga kyamarar. Ranar farko da na dawo ɗaki na zuba hotunan a laftof raina ya ɓaci sosai, abin da na gani fari tas ya fito toka-toka kamar an ɗauka cikin hazon hunturu. Na yi zaton ta samu matsala ne, ashe haka kowace kyamara take, ma'aunin hasken da ke cikinta yana ɗauka duk abin da ke gabanshi matsakaici ne, in ya ga fari ya cika wuri sai ya ce haske ya yi yawa ya rage, farin ya koma toka. Maganin yana nan bayanta, akwai maɓallin da aka rubuta Av da alamar +/-, ka danne shi da babban yatsa ka murza ɗan tayan da ke sama, ka ƙara haske zuwa +1, in dusa ce zalla rana na dukanta har +1 da ɗigo biyu ina kaiwa. Nan ne na tuna dattijon nan na Ƙofar Ƙaura, don da safar hannu mai kauri nake yin wannan ba tare da na cire ba, maɓallan manya ne suna da tazara kuma kana jin ƙas ɗinsu. Amma fa a kula, in ƙanƙarar garau ce mai duhu wadda kake hango ƙasan ruwa ta cikinta, mayar da shi 0 ko ma ka ɗan rage, in ka bar shi a +1 duhun nan mai kyau zai wanke ya zama ba komai. Kuma ka sa ta a RAW, wato ta ajiye hoton ɗanye yadda ta ɗauke shi ba tare da ta gyara shi da kanta ba, ya fi cin memori amma launin inuwa a kan ƙanƙara shuɗi yake fitowa saboda hasken sararin sama ne ke sauka a wurin ba na rana ba, da RAW kana iya daidaita shi daga baya yadda idonka ya gani, manhajar Canon ta kyauta mai suna Digital Photo Professional ta ishe ka.

Abin da ya fi komai burge ni a jikinta, wanda saboda shi kaɗai zan sake sayenta, shi ne sikirin ɗin nan mai buɗewa gefe yana juyawa. Hoton ƙanƙara daga tsaye ba ya kyau, sai ka sauko ƙasa daf da ita haske na zuwa ta gefe sannan za ka ga zanen da ke ciki, kuma ba mai son kwanciya rub da ciki a mainos 15. Da wannan sai dai in tsuguna in ɗora ta bisa jakata in juyo sikirin ɗin sama ina kallo. Akwai wata safiya a gaɓar Kazanka, ƙasa da gadar Millennium, na ga wani ganye rawaya ya maƙale cikin ƙanƙara kamar yatsa biyu daga sama, kewaye da shi ƙananan kumfar iska sun jeru wasu bisa wasu kamar an tsira tsakiya a zare, sai wani tsagi siriri ya ratsa ta gefe yana walƙiya. Lens ɗin nan na 18-55 da mutane ke rainawa yana matsowa har santimita 25, na zuƙo shi zuwa 55, na sa f/8, wato girman ƙofar da haske ke shiga lens, lamba na ƙaruwa ƙofar na tsukewa, da ISO 200, wato ƙarfin jin haskenta, na mayar da fokas na hannu, na danna maɓallin ƙara girma sau goma a sikirin na murza a hankali har jijiyoyin ganyen suka fito ɗaya bayan ɗaya, na sa ta jira daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka don kar hannuna ya girgiza ta. Ina cikin haka ƙanƙarar ta yi wata ƙara can nesa, wani gum mai tsawo kamar an buga babban ganga a ƙarƙashin ƙasa, haka take yi in sanyi ya canza tana miƙewa ko tana tsukewa. Wannan hoton shi ne wanda aka fi tambayata a kai.

Sai dai sikirin ɗin shan batir gare shi. Su kansu Canon lissafin da suka bayar kusan hoto 440 ne in ta ƙaramar tagar ido kake leƙawa, in da sikirin ne bai wuce 200 ba, wannan ma a ɗaki mai ɗumi. Batir ɗinta LP-E8 ne, kuma duk batirin litiyam in ya ji sanyi aikin da ke gudana cikinshi yana yin sanyin jiki, sai ya nuna maka ya ƙare alhali da sauran caji. Na asalin da dattijon ya ba ni duk da tsufanshi yana kai ni awa ɗaya da wani abu a mainos 15 zuwa 18. Wasu guda biyu marasa suna da na ƙara saya a kasuwa don araha kuwa, a nan gida lafiya lau suke aiki, can ko minti ashirin ba sa yi alamar ta fara ja. Dabarar da na koma yi ita ce batir ɗaya a cikin kyamara, sauran biyun a aljihun ciki daf da ƙirji, wanda ya mutu in mayar da shi aljihu in ɗauko mai ɗumi, bayan kwata na awa wancan ya farfaɗo, haka nake juya su har in gama yawona. In ka dawo ɗaki kuma kar ka sa shi a caja yana da sanyin nan, bar shi ya huce tukuna, cajin batir a daskare yana lalata shi. Ranar mainos 24 ɗin nan da na faɗa sikirin ya riƙa jan ƙafa, hoto na bin hannu a makare, amma ba ta mutu ba kuma da ta ji ɗumi ta koma daidai. Wayata a wannan ranar tana kashi 40 ta ɗauke ɗif a hannuna. Ba ina cewa kowa ya kai tashi wannan sanyin ba ne, littafinta bai yarda ba, ina dai faɗin abin da tawa ta yi.

Ranar da na tsorata da gaske ba sanyi ne ya jawo ba, ɗumi ne. Na yi kusan awa biyu a bakin ruwa, La'asar ta yi, na hau masallaci da ita rataye a wuya, ina shiga ta jiƙe sharkaf kamar kwalbar lemo da aka fiddo daga firij a watan azumi, don iskar ciki mai ɗumi da laima in ta taɓa abu mai sanyi ruwa take zama, kuma ba waje kaɗai ba har cikin lens. Da na idar na goge na koma waje, raɓar da ke ciki ta daskare, komai ya zama dishi-dishi. Kwana biyu na bar ta a buɗe bisa tebur nesa da hita, na cire batir, ina ta addu'a don ba ni da kuɗin wata. Allah ya taimake ni ta bushe ba tabo. Tun daga nan leda mai zif ba ta barin jakata, kafin in shiga ko'ina, masallaci ne, bas ne, hostel ne, ina waje zan zare memori in sa aljihu, in jefa kyamarar cikin leda in zuge, raɓar sai ta kwanta a bayan ledar, ba na buɗewa sai ta yi awa ɗaya ko biyu. Wannan kyamarar ba a yi mata kariyar ruwa ba don haka in dusa na sauka ma cikin riga nake ɓoye ta. Numfashinka ma abin lura ne, in ka kai ido tagar ka saki numfashi nan take zai daskare a gilashin, sai ka koyi riƙe shi kamar mai ɗinkin allura.

Wani abu da ya shafe mu mu 'yan arewa musamman, ƙura. Kyamarar da ta sha bukukuwa a hunturun Katsina dole akwai ƙura a cikinta, a hoton mutane ba za ka taɓa gani ba, amma ɗauki farar dusa a f/11 ko f/16 ka ga ɗige-ɗige sun fito wuri ɗaya a kowane hoto. Tana da abin kakkaɓe kanta in ka kunna ko ka kashe, yana ragewa amma bai gamawa, ka sayi ɗan famfon robar nan na hura iska, kar ka hura da baki. In za ka saya ta hannu, tun a shago ka ɗauki farin bango ko sararin sama a f/16 ka duba a kwamfuta.

Fokas na kanta maki tara ne, a kan fari zalla lens sai ya yi ta kai da komo bai samu abin kamawa ba, na tsakiyar kawai nake amfani da shi in nemo mashi tsagi ko bakin dutse. Da yamma kuma in ka wuce ISO 1600 hoto yana yin tsakuwa tsakuwa, shekarunta ne, to tunda rana gajera ce sai na sayi ɗan sitan mai ƙafa uku na naɗe ƙafafun da tsumma saboda ƙarfe a wannan sanyin kama fata yake. Ƙarin da ya fi amfanata shi ne filta mai kashe ƙyalli, CPL, mai faɗin 58 ita ke shiga bakin wannan lens ɗin, kana murza ta sai ƙyallin sama ya gushe ka hango cikin ƙanƙarar har ƙasa, ciyayi da kumfa da komai. Tana rage haske dai, kuma bakin lens ɗin yana juyawa in yana neman fokas, saboda haka fara yin fokas sannan ka murza filtar.

Dan Allah ga wata magana da ta fi duk wannan muhimmanci. Yawancin hotunan nan daga gaɓa na ɗauke su, ƙafata na bisa ƙasa. Sai cikin Janairu na fara hawa kan kogi, shi ma inda masunta suka riga suka yi hanya. Wani tsoho Batatare da na tarar zaune bisa akwatinshi gaban ɗan ramin da ya huda, na yi mashi sallama ya amsa da fara'a yana mamakin daga ina, shi ya jawo ni ya sa ludayin kwashe ƙanƙararshi cikin ramin ya nuna mani kaurinta, ta fi tsawon hannuna daga yatsa zuwa gwiwar hannu, sannan ya nuna ƙarƙashin gada da sanda ya girgiza kai ya ce ko da wasa. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar santimita 10 take cewa mafi ƙaranci kafin mutum ɗaya ya taka. Mai garau da ta ɗan yi shuɗi ko kore ita ce mai ƙarfi, fara mai kama da madara ƙarfinta rabi ne, mai toka-toka ko rawaya kuwa ruwa ne a cikinta. Ƙarƙashin gada, bakin da wani ruwa ke shigowa, wurin ciyayi, da inda bututu ke zubo ruwan ɗumi duk siririya ce ko da ko'ina ya yi kauri, kuma abin takaicin nan ne ƙanƙara ta fi kyau a hoto. Mu da muka taso ba mu san wannan abin ba ba mu da idon gane shi, kar kwaɗayin hoto ya ja ka, in kana son na kusa ka nemi lens mai zuƙowa irin 55-250 ka tsaya inda kake. Lambar gaggawa can 112 ce, kuma kar ka tafi kai ɗaya.

Akwai wasu tafkuna a bayan gari da suke kira Shuɗɗan Tafkuna, ruwansu daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa don haka ba sa daskarewa ko a tsakiyar sanyi, tururi na tashi yana kama rassan itace ya zama farin gashi gashi, ruwan na gangarawa Kazanka. Wanda ya rasa kwanakin nan na ƙarshen Nuwamba ya je can, zai samu inda ruwa mai gudu ke haɗuwa da ƙanƙara har Fabrairu.

Da na dawo wannan hutun na zaɓi guda shida na kai wankewa nan cikin gari. Yaron da ke kan kwamfuta yana buɗe na farko ya kai hannu zai gyara launi, ya ce "Yaya ai wannan shuɗin ya yi yawa, bari in ɗan sa mashi ja ya yi kyau," don shi fuskar amare ya saba gyarawa. Na ce mashi a'a ƙanena bar shi haka, haka wurin yake. Ya yi gwaji ɗaya ƙarami muka fita waje muka duba a hasken rana, ya ɗan yi duhu, ya ƙara haske kaɗan shi kenan. Mun fitar da su inci 12 da 18 a takarda mara ƙyalli, kuma megafiksel 18 ɗin nan ya isa har ya yi saura, jijiyar ganyen nan ana ƙirga ta.

Wanda zai ƙasar sanyi karatu ko aiki kuma aljihunshi ba nauyi, yana son ya koyi hoto da gaske ba don sitatus kawai ba, ni dai na ce ya saye ta in ya samu mai lafiya, kuɗin da ya rage ya sa a batir na asali guda biyu da filta da safar hannu kashi biyu, siririya a ciki mai kauri a waje. Wanda yake son yana ɗauka yana turawa WhatsApp nan take, ko mai son hoton dare da bidiyo mai bin motsi, wannan ba tashi ba ce, zai gaji da zare memori.

Na ganyen nan na sa a firem na kai ma kakata. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta shafa gilashin da yatsa, ta ce "Maigidan, wai nan kogi ne? Kuma ka ce mutane na tafiya a kai?" Na ce har zama suke yi su kama kifi Hajiya. Ta ce "Kifin na ƙasa da ranshi?" Na ce da ranshi. Ta yi shiru can ta ce ikon Allah, sannan ta sa aka cire kalandar da ke saitin gadonta aka rataye shi a wurin, duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta nuna mata ta ce ruwa ne wannan. Ƙarshen watan Agusta zan koma in sha Allah, jiya na biya ta Ƙofar Ƙaura na kai ma dattijon nan ɗaya daga cikin shidan, ya ce in bar mashi kyamarar kwana biyu ya buɗe ya share mani ƙurar cikinta kafin in tafi.